Zauren Tambaya: Wa Ke Riƙe da Ragamar Ma'aikatan Gwamnati?

Wasiƙun wannan wata sun karkata wuri guda, wato aikin gwamnati da wanda ke kula da shi, kuma yawancinsu daga 'yan'uwanmu mazauna Makka da Madina da Jidda suka fito. Mun zaɓi huɗu, mun kuma taƙaita tambayoyin ba tare da mun taɓa manufarsu ba.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. A cikin wani tsohon littafin tsarin mulkin Saudiyya na ga ana ta ambaton ministan aikin gwamnati, amma da na duba jerin ministocin yanzu ban same shi ba. Ina ya tafi, mene ne ainihin aikinsa, kuma me ya sa ban taɓa jin irin wannan minista a Najeriya ba?
Daga wani ɗalibi ɗan Zariya, Madina.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Littafin naka bai yi kuskure ba, tsufa kawai ya yi. Saudiyya ta yi shekara 21 tana da ma'aikata mai zaman kanta da ake kira Wizaratul Khidmatil Madaniyya, wato ma'aikatar aikin gwamnati, wadda aka kafa a 1999, daidai da 1420 bayan Hijira. Kafin nan babban ofishi ne mai suna Diwanul Khidmatil Madaniyya, wanda ya samu wannan suna a 1977, shekarar da aka fitar da dokar aikin gwamnati da har yau ita ce ginshiƙi, duk da gyare-gyaren da aka yi mata. Muhammad bin Ali Al-Fayiz ne ya fara riƙe kujerar ministan, Sulaiman Al-Hamdan kuma shi ne na ƙarshe. A watan Fabrairun 2020 Sarki Salman ya ba da umarni a haɗe ta da ma'aikatar ƙwadago da ci gaban al'umma, sai aka samu ma'aikata guda wadda mutane ke yi wa laƙabi da Mawarid Bashariyya, ƙarƙashin Ahmad Al-Rajhi. Don haka aikin yana nan, sai dai ya koma hannun ministan da shi ne kuma ke kula da ma'aikatan kamfanoni, da baƙi masu iƙama ta aiki, da masu aikin gida.

Game da ainihin aikin, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wannan minista ba shi ne shugaban kowane ma'aikaci ba. Malamin makaranta a Ɗa'if yana ƙarƙashin ministan ilimi ne, akawun da ke ofishin birni a Yanbu kuma shugabanninsa ne ke ba shi aiki, su kuma hukunta shi idan ya yi sakaci. Abin da ke hannun mai kula da aikin gwamnati shi ne ƙa'idar da duk waɗannan ma'aikatu suka yi tarayya a kanta: yadda ake tallata gurbi, da sharuɗɗan da mai nema zai cika, da matakin da kowace takardar shaida za ta ɗora mutum a kai, da tsawon lokacin da zai yi kafin ƙarin girma, da hutu, da horo, da yadda ake sallama. Babban tsanin albashi na Saudiyya yana da martaba 15, a cikin kowace martaba kuma akwai darajoji da ake hawa ta ƙarin shekara-shekara, kuma mai digirin farko galibi yana farawa ne daga ta shida ko ta bakwai. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da alƙalai da malaman jami'a kowannensu da nasa tsanin daban, sojoji kuwa dokarsu ma dabam ce. Idan kana sauraron sanarwar da ake karantawa bayan zaman majalisar ministoci, za ka ji a ƙarshenta ana jero sunayen waɗanda aka ɗaga zuwa martaba ta 14 da ta 15, domin waɗannan biyun sai da amincewar majalisar ake kai su. Horar da ma'aikata kuma akwai Ma'ahadul Idaratil Amma da ke Riyad, wanda aka kafa tun 1961.

Sashe na farko na dokar 1977 ya ce cancanta ita ce tushen zaɓen ma'aikata, kuma a ganina dukkan nauyin wannan kujera a kan wannan jimla guda yake. Kowane minista, a kowace ƙasa, yana da 'yan'uwa da abokai da mutanen garinsu, kuma yana son ya cika ofishinsa da waɗanda ya yarda da su. Dalilin kafa ofishi na musamman shi ne a samu wanda zai iya ce wa ɗan'uwansa minista a'a, wannan gurbin sai an tallata shi, wannan mutumin bai cika sharaɗi ba. Abin da ya faru a 2016 da 2017 ya nuna wahalar hakan. An ta da ƙura a Twitter cewa an ɗauki ɗan ministan aikin gwamnati na lokacin, Khalid Al-Araj, aiki a wata ma'aikata da albashin da ya fi ƙarfin takardunsa, hukumar yaƙi da cin hanci ta Nazaha ta shiga maganar, kuma a watan Afrilun 2017 aka sauke ministan da umarnin sarki, aka kafa kwamitin bincike a kansa. Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin ma'aikatar da ta yi ɗaukar ita ma an same ta da kauce wa wasu ƙa'idoji. Amma abin lura shi ne mai tsaron ƙofar ne da kansa aka tuhuma, kuma hakan ya sa maganar wasɗa, wato samun aiki ta hanyar sanayya, wadda a da ake yin ta a ɗaki, ta fito fili.

Me ya sa aka haɗe ma'aikatar kuwa? Shirin Saudiyya na 2030, wanda aka ƙaddamar a Afrilun 2016, yana son rage dogaron 'yan ƙasa da albashin gwamnati ya tura su kamfanoni. Matuƙar ofishi ɗaya ke tsara aikin gwamnati, wani kuma ke tsara na kamfanoni, kowanne zai ja nasa gefen, matashi kuma zai gwammace ya zauna shekaru yana jiran wazifa ta gwamnati da ya karɓi aikin kamfani mai dogon lokaci da ƙarancin hutu. Tun kafin haɗewar ma, sababbin ƙa'idojin 2019 sun miƙa wa ma'aikatu ikon gudanar da yawancin lamurran ma'aikatansu da kansu, ofishin tsakiya ya koma mai tsara doka da sa ido. Ina ganin hikimar wannan tsari, amma ina da ɗan ɗari-ɗari da shi, saboda ministan da ke fama da lamuran miliyoyin baƙi da kamfanoni da tallafin marasa galihu ba lallai ne ya samu sukunin tsayawa kan ɗaukar akawu ɗaya a wata ma'aikata ba, alhali daga irin waɗannan ƙananan ɗauka ne ɓarna ke farawa.

Najeriya kuwa ta raba aikin ne gida biyu, ba ta ba ɗan siyasa ko ɗaya ba. Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, wadda tsarin mulkin 1999 ya kafa, ita ke da ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa. Shugaban Ma'aikatan Tarayya kuma, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa daga cikin manyan sakatarori, shi ke jan ragamar yau da kullum, kamar tura ma'aikata wuraren aiki da horo da walwala. A 2024 aka naɗa Didi Esther Walson-Jack a wannan kujera bayan Folasade Yemi-Esan. Tsanin Najeriya mataki 17 ne, ana kuma yin ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wanda ya riga zuwa. An taɓa gwada wata hanyar: a 1988 gwamnatin Babangida ta soke kujerar Shugaban Ma'aikata, ta mayar da manyan sakatarori daraktoci-janar masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su, sai da kwamitin Allison Ayida ya ba da shawara a tsakiyar shekarun 1990 aka dawo da tsohon tsari. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda ta gaji tsarin Faransa, ita tana da ministan aikin gwamnati kai tsaye.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Ni da maigidana 'yan Najeriya ne, mun daɗe a Jidda da iƙamarmu. Ɗanmu a nan aka haife shi, a nan ya yi karatu, Larabcinsa ba ka bambanta shi da na ɗan ƙasa. Wani mutum ya ce idan muka ba shi kuɗi zai sama masa aikin gwamnati. Shin hakan mai yiwuwa ne?
Daga wata uwa, unguwar Hindawiyya, Jidda.

AMSA

Hajiya, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Ki riƙe kuɗinki. Sharaɗi na farko da dokar ta gindaya wa mai neman muƙamin gwamnati shi ne ya zama ɗan Saudiyya, kuma haihuwa a ƙasar ba ta ba da wannan matsayi idan uba baƙo ne. Dokar ta bar wata 'yar kafa ta ɗaukar baƙo da kwantiragi na wucin gadi a inda ba a samu ɗan ƙasa mai ƙwarewar ba, kuma ta wannan kafa ce likitoci da wasu malaman jami'a daga Masar da Sudan da Najeriya suka shiga asibitoci da makarantun gwamnati. Amma wannan kwantiragi ne da ake sabuntawa ko a ƙi, ba ya kai mutum ga fanshon gwamnati, kuma kafar sai ƙara tsukewa take yi. Guraben gwamnati a fili ake tallata su ta dandalin Jadarat, wanda ke neman lambar katin ɗan ƙasa kafin a yi rajista. Duk wanda ya ce zai tsallake wannan da kuɗi, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma mai cin hanci ne da zai jefa ɗanki cikin laifin da ke iya ƙarewa da ɗauri da tarhil, wato kora daga ƙasar, tunda dokar ƙasar tana hukunta mai bayarwa kamar yadda take hukunta mai karɓa.

Hanyar da ta buɗe masa ita ce ta kamfani. Sai ya samu wanda zai ɗauke shi, a mayar da iƙamarsa daga ƙarƙashin mahaifinsa zuwa ta aiki, a kuma rubuta kwantiragin a dandalin Qiwa. Ya lura tun farko da sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa, domin tun da aka shigo da tsarin Niɗaƙat, wanda ya ɗora wa kamfanoni ɗaukar kason 'yan ƙasa, a 2011 jerinsu yake ƙaruwa, kuma ma'aikatar nan guda da muka ambata ita ke fitar da shi.

Saboda sauran masu karatu, akwai bambanci idan uwar 'yar Saudiyya ce, kamar yadda ake samu a gidajen Hausawa da dama a Makka inda kakanni suka samu zama 'yan ƙasa tun da daɗewa, 'yarsu kuma ta auri ɗan'uwa daga gida. Ɗan irin wannan aure ana yi masa mu'amalar ɗan ƙasa a karatu da asibiti, kamfani ma yana lissafa shi cikin kason 'yan ƙasa, sannan yana da damar neman zama ɗan ƙasa cikin shekara guda bayan ya cika 18. Wannan wa'adin gajere ne, iyaye da yawa kuma sai ya wuce suke farga.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ka raba mana gardama. A majalisarmu ta bayan isha'i wani ya ce firaministan Birtaniya shi ne kuma ministan aikin gwamnati na ƙasarsu. Mu kuma muka ce ba zai yiwu shugaba guda ya zama ministan kansa ba. Wa ke da gaskiya?
Daga 'yan majalisar shayi, Shari'u Mansur, Makka.

AMSA

Alhazai, abokin naku ne ya ci gardamar, sai ku biya masa shayin. An ƙirƙiro muƙamin ne a watan Nuwamban 1968, zamanin Harold Wilson, bayan rahoton kwamitin Fulton ya soki yadda ake tafiyar da ma'aikata, ya ce a ƙwace kula da su daga baitulmali a ba sabuwar ma'aikata. Wilson ya riƙe muƙamin da kansa, kuma tun daga ranar duk wanda ya zama firaminista shi ke riƙe da shi. Margaret Thatcher ta rushe waccan ma'aikatar a 1981, amma muƙamin ya tsira. A aikace firaministan yana wakilta wani minista na ofishin majalisar zartarwa ya yi hidimar yau da kullum, shugabancin ma'aikatan kansu kuma yana hannun babban ma'aikaci wanda ba ɗan siyasa ba.

Shakkar da kuka nuna tana da tushe, domin tara wannan iko a hannun shugaban jam'iyya mai mulki abu ne da kan iya zama haɗari. Abin da ke taka masa birki tsohuwar al'ada ce da ta faro daga rahoton Northcote da Trevelyan na 1854, wanda ya nemi a daina rabon muƙamai ta sanayya a koma jarrabawa, da kuma hukumar da aka kafa a 1855 don sa ido kan ɗauka. A 2010 majalisar dokoki ta mayar da al'adar doka rubutacciya, wadda ta ba ministan ikon tafiyar da ma'aikata, amma ta wajabta masa fitar da kundin ɗa'a, ta kuma ce ɗauka sai bisa cancanta ta hanyar gasa a fili. Kotu ma ta taɓa shiga tsakani. A 1984 Thatcher ta yi amfani da wannan muƙami ta hana ma'aikatan cibiyar leƙen asiri ta GCHQ shiga ƙungiyar ƙwadago, suka kai ƙara, kotun ƙoli ta lokacin ta ce kotu na da hurumin duba irin wannan iko, ko da yake ta bar hanin saboda dalilin tsaron ƙasa, kuma sai a 1997 aka ɗage shi.

Na tabbata a majalisarku ba a rasa 'yan'uwa da suka zo daga Gadarif ko Mai Wurno na ƙasar Sudan, su tambayi dattawansu abin da ke faruwa idan babu irin wannan birki. Sudan ta fita daga mulkin mallaka a 1956 da ma'aikatan da ake yabo a Afirka da ƙasashen Larabawa. Bayan juyin mulkin Umar Al-Bashir na 1989 aka sallami dubbai da sunan maslahar jama'a, aka maye gurbinsu da masu biyayya ga gwamnati. Da aka kifar da shi a 2019, kwamitin da aka kafa don warware wancan ƙulli shi ma ya riƙa sallamar mutane jeri-jeri, har da alƙalai da jakadu, kafin a dakatar da shi bayan juyin mulkin Oktoban 2021. Ina da fahimtar dalilin kwamitin, amma sallama ba tare da an saurari kowane mutum shi kaɗai ba ita ce dai cutar da aka ce ana magani. Najeriya ta ɗanɗana makamancin haka a 1975, lokacin da gwamnatin Murtala ta kori ma'aikata kimanin 10,000, kuma masana da yawa na ganin daga nan ne ma'aikaci ya daina yarda cewa kujerarsa za ta kai shi ritaya, ya fara tunanin tara abin da zai ci idan an kore shi.

TAMBAYA TA HUƊU

Ɗana, ni ɗan ƙasa ne, kakana ya zo daga Katsina da ƙafa. Na yi shekara 31 ina aiki a wata ma'aikata, yanzu ina da shekara 57 a lissafin Hijira. Na ji an ce an mayar da shekarun taƙa'ud, wato ritaya, 65. Shin sai na ƙara shekara takwas ke nan? Sannan an tsallake ni a ƙarin girma, ina zan kai kuka?
Daga wani dattijo, Misfala, Makka.

AMSA

Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka kwantar da hankalinka, sauyin bai shafe ka ba. Sabuwar dokar da aka amince da ita a Yulin 2024 tana aiki ne a kan waɗanda suka fara aiki bayan fitarta, ba su da wata gudummawa da suka taɓa biya a baya. Tsofaffin ma'aikata kuwa, ƙarin shekarun yana hawa ne a hankali kan wanda a lokacin bai kai shekara 50 ta Hijira ba kuma bai cika shekara 20 yana biyan gudummawa ba, sai sharuɗɗan biyu sun haɗu a kansa. Kai ka wuce duka biyun, don haka taƙa'ud ɗinka yana nan a shekara 60 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 58 da 'yan watanni a lissafin Miladiyya. Kada canjin da aka yi a 2016, lokacin da aka mayar da biyan albashi kan watannin rana, ya rikita ka, domin wancan ya shafi ranar biya ne kawai.

Lissafin fanshonka a tsohon tsari mai sauƙi ne: a ɗauki asalin albashinka na ƙarshe, ban da alawus, a ninka shi da shekarun aikinka, a raba da 40. Idan ka kai shekara 34 a bakin aiki, za ka riƙa karɓar kashi 85 cikin 100 na asalin albashin. Ka kuma sani cewa tsohuwar hukumar fansho ta gwamnati an narkar da ita cikin hukumar inshorar ma'aikata ta Ta'aminat tun 2021, saboda haka can za ka duba ko an rubuta shekarunka daidai, kuma gara ka duba yanzu kana bakin aiki, lokacin da gyaran takarda ke da sauƙi.

Maganar ƙarin girma tana da alaƙa da wannan lissafi, tunda albashin ƙarshe shi ne ma'auni, martaba ɗaya da ta kuɓuce maka yanzu za ta bi ka cikin fansho har ƙarshen rayuwa, ta bi iyalinka bayanka. Kada ka tsaya ga koke na baki a ofishin mudir, wato daraktanku. Ka rubuta ƙorafi, ka shigar da shi ta hanyar da aka tanada, ka karɓi lamba da kwanan wata, ka kuma haɗa da takardun kimanta aikinka na shekarun baya da shaidar kwasa-kwasan da ka yi. Ƙa'idar ƙalubalantar hukuncin hukuma ita ce a yi ƙorafi cikin kwana 60 daga ranar da mutum ya san da hukuncin, idan kuma aka ƙi amsa ko aka yi watsi da shi, sai a wuce kotun gudanarwa ta Diwanul Mazalim, wadda ke da reshe a Makka. Yawancin ƙararrakin da ke faɗuwa a can ba don rashin hujja ba ne kaɗai, wucewar wa'adi na kashe ƙara tun kafin alƙali ya buɗe ta, don haka ka sa ɗaya daga cikin 'ya'yanka ya binciko maka ranar da aka fitar da jerin ƙarin girman, daga ita za ka fara ƙirga kwanakin.